Hannun Daman Yaya Haladu

Ku da kuke tsayawa a bakin rumfata da yamma kuna kallon itace yana juyawa a inji, sassaƙe yana zuba kamar taliya, na san abin da kuke faɗa. Wani a cikinku ya faɗa a kan kunnena ranar kasuwa, wai wannan ai ba aiki ba ne, inji ke yi, tsoho ƙarfe kawai ya riƙe. Ban ji haushi ba, don ni ma na faɗi abin da ya fi wannan muni ina kamarku. Amma tunda wasunku sun fara cewa in koya musu, gara ku san abin da kuke tambaya.

Ku fara da duban dattijon da ke zama a kan benci kusa da makunnin wuta, wanda in kun miƙa masa hannu sai ya miƙo muku wuyan hannunsa. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, sunansa Haladu. A zamaninsa babu wanda ya fi shi iya riƙe gizago a ƙasar Karaye. Injin nan da kuke cewa shi ke aikin, shi ya cinye masa yatsu uku na hannun dama, ya bar masa babban yatsa da ƙaramin, kuma sakacina ne ya jawo. Ba asiri nake tona muku ba, duk layin nan an sani. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne wahalar da muka sha muna neman mayar da hannun nan bakin aikinsa, da inda muka tsaya.

Mu 'yan Kurugu ne, gidanmu gidan sassaƙa. Mahaifinmu turmi yake yi da taɓarya da akushi da muciya da ƙotar fartanya. Akwai wani turmin ƙirya da ba na mantawa, wanda Yaya Haladu ya sassaƙa wa wata mai fura tun yana saurayi. Ƙirya itace ne mai tauri, tana dakushe ƙarfe. Ya zauna a gindin tsamiyar ƙofar gida, ya matse gungumen da ƙafafunsa, yana rarake cikinsa kaɗan-kaɗan, ya shafa da tafin hannu, ya sake sara. Ba ya awo da komai. Da ya gama, Baba ya zuba ruwa a ciki ya jujjuya, ruwan ya zagaya bai yi tuntuɓe a ko'ina ba. Daga ranar Baba ya bar masa gizagonsa. Ni kuwa tun a lokacin na ƙi aikin. Gizago na da nauyi, kafaɗa na ciwo, kuma ina ganin abin ƙauyanci ne. Da na gama firamare sai na gudu Kano.

A Kano na faɗa hannun wani dattijo, Baba Mudi, mai injin juya itace a bayan layin kafintoci. Idonsa na hagu fari ne fat, tsinken itace ne ya shige shi a ƙuruciyarsa. Ranar farko na ga ya ɗaura guntun maɗaci a inji, ya kunna, ya ɗora kurfi, kafin in shanye kofin kunu ƙafar kujera ta fito da wuyanta da cikinta da zobbanta. Na tuna Yaya da turminsa, na yi dariya a raina. Allah Ya yafe mini wannan dariyar.

Na daɗe a wurinsa kafin ya bar ni in taɓa kurfi, wato dogon ƙarfen nan mai kaifi a baki da kuke ganina riƙe da shi. Shara nake yi da wasa ƙarafa a dutse. Ya ce mini kurfi mai kaifi ba ya cutar da mai shi kamar dakusasshe, domin dakusasshe sai ka danna shi da ƙarfi, in ka danna kuma itacen ya cafke bakinsa ya wurgo maka shi. Ya nuna mini yadda ake matso da matokari, ƙarfen da kurfi ke kwanciya a kai, dab da itacen, ta yadda yatsa ba zai iya shiga tsakaninsu ba. Ya nuna mini yadda ake juya itacen da hannu kafin a kunna, a tabbatar ba ya bugun komai, ba a kuma manta sifana a jikin inji ba. Wata rana bayan sallah na shigo da sabuwar riga mai faɗin hannu ina so a gani. Bai yi mini faɗa ba. Ya ɗauki wani tsumma da yatsu biyu, ya matsar da shi kusa da itacen da ke juyawa. Ban ga lokacin da tsumman ya bar hannunsa ba, sai dai na gan shi a nannaɗe a jikin itace yana faf-faf. Ya ce in je in tuɓe, in cire zoben azurfar nan, carbin da na rataya a wuya kuma in sa shi a aljihu, Allah Ya san ina da shi.

Amma abin da ya fi tsanantawa a kai shi ne makunni. Duk lokacin da aka ɗauke wuta, inji ya mutu da kansa, sai ya tsaya yana kallona da idon nan guda har sai na je na kashe makunnin. Na taɓa ce masa ai babu wuta, me za a kashe. Ya ce, “Kai yaro, wuta ba ta yin sallama in za ta dawo.” Na ji, na haddace, har nakan faɗa wa wasu.

Da na dawo Karaye da tsohon injin da na saya a hannunsa, na kafa rumfar nan a Unguwar Hajji, aikin farko da ya koya mini hankali taɓarya ce. Wata mata ta aiko da guntun ƙirya a fitar mata. Na ga ɗan layi a jikinsa, siriri kamar gashi, na ce ba komai. Ƙa'ida ita ce ka ƙwanƙwasa itace ka saurara, mai tsaga a ciki ƙararsa daban ce, kamar ta fasasshiyar tukunya. Ƙa'ida kuma ita ce ka fara da gudu kaɗan, ka tsaya a gefe ba a gabansa ba, har ya daidaita. Ban yi ko ɗaya ba, saboda mutane sun taru suna kallon sabon abu, ni kuma ina so su ga gudu. Itacen ya tsage gida biyu, ɓari guda ya same ni a baki. Giɓin nan da kuke gani ba tsufa ba ne. Tabon da ke damtsena kuma na darbejiya ne, wadda aka sare a bakin titi. Bishiyar bakin titi kowa na kafa mata ƙusa, ta girma ta haɗiye ta, kurfi ya tarar da ita a ciki ya yi tsalle. Tun daga nan nake sa tabarau, ko da yake maƙwabcina Ɗanjuma mai walda na cewa na zama matuƙin jirgin sama.

Masu kawo aiki iri-iri ne. Kafintoci na son ƙafafun gado da na kujera, kullum kuma a gaggauce suke. Makiyayan garin Fulatan na zuwa a gyara musu sandar kiwo, su ne suka fi ba ni tsoro, domin mutum zai sunkuyo, jelar rawaninsa na reto, yana son ya ga yadda ake yi. Sai ka kashe inji ka roƙe shi ya koma bayan benci, shi kuma ya ji kamar ka kore shi. Mata kuwa ba su taɓa yarda da muciyar inji ba. Sun ce tana da kyau a ido amma ba ta zama a hannu, a ba su ta Haladu.

Sai dai muciya kaɗai ba ta riƙe gida. Injin niƙa ya shiga ƙauyuka, turmi ya rage tafiya, roba da silba suka kori akushi. Na je Kurugu na tarar da Yaya da turame a jere, rana na tsaga su. Na lallashe shi ya riƙa zuwa Karaye muna aiki tare, shi ya sassaƙe gungume da gizago ya fitar da shi kusan zagaye, ni in ɗaura a inji in ƙarasa. Ya daɗe bai yarda ba. Ya ce shi abin da ba ya so game da inji shi ne ba ya ji in an ce masa tsaya. Daga baya ya zo, saboda yana da iyali. Mun yi shekaru masu kyau. Itacen da ya bi ta hannunsa ba ya girgiza inji, kuma shi ke gano tsaga da ƙusa tun kafin su iso gare ni.

To ga inda na ɓata. Duk layin nan da wuta muke ci, ni da Ɗanjuma da mai niƙa da tela. In aka ɗauke ta sai mu koma gindin durumin can mu kafa dara. Daga can ba a ganin ƙwan lantarki da rana. Wata rana na manta makunni a kunne, aka kawo wuta, inji ya ɗauki ƙara, kowa ya tashi da gudu ya kama aikinsa. Aka ji daɗin abin. Ɗanjuma ya raɗa wa injin suna Ladanin Layi. Daga nan na daina mantawa, na koma bari da gangan. In aka ɗauke wuta sai in cire itacen da ke kai, in bar makunni a kunne, in tafi dara. Har mutanen bayan layi suka riƙa yi mini godiya, wai iyalinsu na jin ƙarar Ladanin sai su sa waya a caji. Kaina ya yi girma, ana ce mini Injiniya.

Yaya bai so ba. In na fita sai ya kashe, in na dawo in kunna. Ranar da ya yi mini magana a kai a gaban mutane, na ce masa, “Yaya, ka tsaya a kan gizagonka, ka bar mini harkar wuta.” Aka yi dariya. Daga ranar bai ƙara taɓa makunnin ba. Ƙane ya faɗa wa yayansa haka a bainar jama'a, ko babu abin da ya biyo baya, laifi ne.

Shekarar da taransifomar unguwarmu ta ƙone ita ce mummunar shekara. Damina ba ta yi kyau ba, hatsi ya yi tsada, wuta kuma ta tafi kamar ba za ta dawo ba. Yau a ce an kawo sabuwa, gobe a ce tana hanya. Ƙaramin janareta ba ya iya tayar da injina, babba kuma ya fi ƙarfina. Ɗanjuma ya koma facin taya, tela ya kakkaɓe tsohon kekensa na ƙafa. Ana cikin haka sai ga Malam Jibo, wani dattijo daga wani ƙauye a ƙasar Rogo. Sun gina masallaci, suna son mumbari kafin azumi, kafinta ya ce musu sandunan jikin matakalar sai mai inji. Ya zo da maɗaci mai kyau a bayan a-kori-kura. Na ce masa babu wuta. Ya ce shi dai an ce masa ya zo wurin Injiniya. Da na ji haka sai na karɓa.

Yaya ne ya kawo dabara. Akwai bel da ya haɗa moto da faifan ƙarfen da ke juya itacen. Ya ce shi zai riƙa jan bel ɗin da hannu, ni in riƙe kurfi. Muka gwada, ya yi, a hankali dai, sanda guda na cinye mana safiya. Abin da ya kamata shi ne in kashe makunni, in zare fiyus in sa a aljihu. Aikin bai kai shan shayi ba. Amma makunnin yana kunne tun ranar da wuta ta tafi, kuma ina sane. Na bar shi ne don kada ranar da za a kawo ta wani ya riga ladanina sanarwa. Da za mu fara, Yaya ya tambaye ni ko abin nan a kashe yake. Na ce masa, wutar da ko masu ita ba su san ranar dawowarta ba? Ya dube ni, ya kama bel.

Bel na cin tafin hannu. Bayan 'yan kwanaki hannunsa ya yi bororo, sai ya riƙa naɗa tsumma a hannun dama. Ni da aka nuna wa tsumma a Kano, na gani ban ce komai ba, saboda aikin na tafiya.

Ranar da abin ya faru, bayan azahar ne. Mun gama fitar da wata sanda, saura gogewa. Yaya ya ce in je in huta, shi zai goge, yana jan bel da dama yana riƙe samfefa, takardar goge itace, da hagu. Na tafi gindin durumi na tarar Ɗanjuma ya kafa dara yana cika baki. Muna tsakiyar wasa sai inji ya ɗauki ƙara.

Ba zan ɓoye muku ba, murna muka yi. Duk layin ya ɗauki hamdala. Ɗanjuma ya cire hula ya ce ladan ya farka daga dogon barci. Ni ma na ce alhamdu lillahi, kuma akwai tsinken dara a hannuna, sai da na sunkuya na kafa shi a raminsa. Sannan na ji ƙarar ta canza, ta yi nauyi, kamar injin niƙa in an cika masa hatsi. A nan na tuna wanda na bari a rumfa.

Bel ya kama tsumman, tsumman ya ja hannun ya cusa shi tsakanin bel da faifan ƙarfe. Na tarar da shi a durƙushe, kafaɗarsa manne da inji, moto na gurnani yana hayaƙi. Bai yi ihu ba. Makunnin a lokacin yana bango ta ɗaya gefen, inda hannunsa na hagu ba zai kai ba. Ni na kafa shi a can saboda wayar ta gaza, ban ga dalilin sayen ƙari ba. Da ya gan ni sai ya ce, “Sule, kashe.” Na kashe.

Sai da muka yanke bel da wuƙa kafin hannun ya fito. Ɗanjuma ya rugo da man birki zai zuba, wani ya ce a cusa garin katako jini ya tsaya. Tela ne ya ture su, ya yago sabon yadi mai tsabta daga ɗinkin mutane, ya danne wurin, ya ce a ɗaga hannun sama a riƙe shi haka. Likita ya ce daga baya wannan ya taimaka. Ku riƙe wannan, kada ku zuba komai a rauni. Muka ɗauke shi a babur zuwa asibiti, daga can aka tura mu Kano. Manuniya da ta tsakiya da mai bi mata sun niƙe, babu abin ɗinkewa.

Mutane sun zo jaje, kowa na cewa ƙaddara ce, Yaya ma haka yake cewa. Na yarda da ƙaddara. Amma an gargaɗe ni a Kano, an kuma gargaɗe ni a nan, na yi wa mai gargaɗin rashin kunya. Matarsa, Yaya Asabe, ta daɗe tana amsa gaisuwata daga bayan ƙyaure, kuma tana da gaskiya. Malam Jibo ya zo da goran nono, ya zauna ya yi addu'a ya tafi, bai ambaci mumbari ba. Na ƙarasa musu sandunan da wutar da ta dawo, aka zo aka ɗauka. Ban taɓa zuwa na ga mumbarin a tsaye ba.

Da raunin ya warke, abin da ke gabanmu guda ne, ko hannun zai sake riƙe gizago. Yaya bai iya wata sana'a ba, gonarsa kuma ba ta kai ta riƙe gida ba. Na ce masa matsalar ƙota ce, ƙota kuma aikina ce. Na zaɓi busasshen marke na fitar da ƙota mai kauri, yadda babban yatsa da ƙaramin za su zagaye ta, na kai Kurugu na sa wa gizagon Baba. Ya zauna a gindin tsamiyar nan, ya matse guntun itace da ƙafa zai fitar da muciya, abin da a da yake yi yana hira. Saran farko gizagon ya kuɓuce ya tashi sama, ya faɗi dab da akuyar da ke ɗaure. Ya bi shi da kallo ya ce saura kaɗan mu ci nama ba sallah ba suna. Ni kaɗai na yi ƙoƙarin dariya.

Na koma na yi wata mai gurbi biyu inda yatsun za su kwanta. Ta zauna, amma in ya sara sai ta juya. Na yi wata mai ƙulli a gindi. Na yi wata siririya don hannun hagu, ya gwada, bakin gizagon ya zame ya tsaga masa ƙwauri, muka sake komawa asibiti ɗinki. Hannun da ya tsufa yana riƙe itace ba ya koyon sara a lokaci guda. Daga ƙarshe na kai wa baduku ya yi wa ƙotar maɗaurin fata da ke zagaye wuyan hannu. Wannan ta riƙu. Ya wuni yana sara, gumi na zuba, Yaya Asabe na leƙowa ta saman zana. Da la'asar ya miƙo mini muciyar. Ta karkace kamar baka, jikinta duk tabon sara.

Na ce ai farko ne, hannu zai saba. Ya kwance maɗaurin da haƙori ya ce, “Ba ƙarfi na rasa ba, Sule. Manuniya ce ke gaya wa gizago inda zai sauka. Ka daina ɓata marke.”

Ban daina ba. Na ci gaba da kai masa, yana karɓa yana godiya yana jinginewa a bayan ɗaki. Ƙotocin nan da kuke gani a rataye a saman rumfa, da kuke tambaya ko na sayarwa ne, su ne, daga baya na kwaso su. Ashe ina can ina fama da abin da ya riga ya haƙura da shi, ban lura da abin da ke gabansa ba.

Ya dawo zama a rumfa, yana duba mini itace, yana ƙwanƙwasawa da hagu yana saurara. Amma in aka kawo abincin rana, muka zagaye kwano da Ɗanjuma da tela kamar yadda muka saba, sai ya ce ya ƙoshi, ko ya ce yana azumi. Wata rana Ɗanjuma ya ce masa, “Malam Haladu, azumin nan naka ya wuce Litinin da Alhamis. Ko so kake ka riga mu shiga aljanna ka ja ƙofa?” Ya yi murmushi ya fita. An yi suna a gidan tela bai je ba, an yi walima a Kurugu ya aika da uzuri. Yaya Asabe ce ta gaya mini, ranar da ta fara yi mini magana fuska da fuska. Ta ce yatsu biyu ba sa yanko tuwo, cokalin ƙarfe kuma siriri ne, zamewa yake yi. Da hagu yake ci, a ɗaki, ƙofa a rufe, ko 'ya'yansa ba ya bari su gani. Mutumin da rabin Kurugu ke cin tuwo a akushinsa.

Ban san yadda zan tayar masa da maganar ba. Shi ya tayar. Wata safiya na ɗauko sabon marke zan ɗaura, ya dafa shi ya ce, “In dai sai ka yi mini wani abu hankalinka zai kwanta, ka yi mini cokali.”

Aduwa ya zaɓa, irin wadda ake allo da ita, ya ce ba ta saurin tsagewa. Na ɗaura guntun na fitar da mariƙi mai kauri kamar ƙotar lauje, na kashe inji, ya kama, na sa alama da gawayi inda babban yatsa ya kwanta da inda ƙaramin ya naɗo, na yi gurbi a wuraren. Wannan bai ɗauki lokaci ba. Amma bakin cokali, inda abinci ke zama, inji ba ya yin sa, sai an rarake da hannu. Ya sa aka ɗauko ƙaramin gizagon akushi da wuƙar sassaƙa daga Kurugu, ya zaunar da ni a ƙasa, na matse itacen da ƙafa, ni da furfurata, ina koyon abin da na gudu na bari. Ya ce in bi jijiyar itacen, in daina sara kamar mai faskare. Ya ce hannun da ke riƙe itace a bayan kaifi yake zama kullum, ba a gabansa ba. Bai rufe baki ba na yanke a yatsa. Ɗanjuma ya leƙo ya ce yau Injiniya ya koma aji ɗaya. Na ɓata itace ba kaɗan ba kafin a samu wanda ya yi kama da cokali.

Ranar da aka gama, tela ya aika gida aka kawo shinkafa da wake da mai da yaji a babban faranti. Muka zagaye. Ba wanda ya kira shi. Ya ɗan jima a kan bencinsa, sannan ya sauko ya zauna tsakanina da Ɗanjuma, ya zaro cokalin daga aljihu, ya saita shi tsakanin yatsun nan biyu da taimakon hagu, ya yi bismilla. Lomar farko rabinta ta zube a tabarma. Kowa ya kafa ido a gabansa. Ɗanjuma ya kama wani labari marar kai da gindi a kan wata mota da ya taɓa yi wa walda, bai tsaya ba har aka cinye. Yaya ya ci ya ƙoshi da hannun dama. Da ya wanke cokalin sai ya shafa bakinsa da babban yatsa, ya ce na bar kaushi ta gefe guda, da Baba ne da ya jefa shi a murhu. Ya mayar da shi aljihu.

Iyakar abin da na iya mayar masa ke nan. Gizagon Baba na rataye a ɗakinsa, ba wanda ke ɗauka. Matan Kurugu sun koma sayen muciyar inji suna ƙorafi. Na matso da makunni kusa da mai aiki, na sa Ɗanjuma ya rufe bel da akwatin ƙarfe, na sayo irin makunnin da ba ya tashi da kansa in wuta ta dawo sai an danna. Yanzu rediyon tela ne ke sanar da layi an kawo wuta, abin da tun farko zai iya yi.

Wanda ke son koyo a cikinku ya zo da safe, da riga mai gajeren hannu, babu zobe. Ba zai taɓa kurfi ba sai ya gaji da shara. Amma kafin tsintsiya ma, zai je ya durƙusa ya gaida Yaya Haladu, ya karɓi wuyan hannun da zai miƙo masa, kada kuma ya kau da kai. Shi zai nuna masa inda makunni yake. Na gaya wa Yaya sabon nan ba ya buƙatar a kashe shi. Har yau in aka ɗauke wuta sai ya miƙa hagu ya danna shi, sannan ya juyo ya dube ni.